Yadda za ka zaɓi gilashin kyamara mai nagarta a Legas ba tare da ka karya jarinka ba

Duk matashin da ya kama sana'ar ɗaukar hoto a Agege ko Idi-Araba, ba ya daɗewa gilashin da ya zo da kyamararsa, wato 18-55mm, zai fara ba shi kunya. Da rana a waje lafiya lau. Amma da an shiga ɗakin amarya ko wurin walima bayan magariba, sai hoto ya yi duhu, fuskoki su yi dishi-dishi. Daga nan abokan sana'a za su ce masa ya nemi gilashin 50mm (lambar mm ita ke nuna faɗin abin da gilashi ke ɗauka: idan ta ƙaru, faɗin ya ragu, abu ya matso kusa). Shawara ce mai kyau, sai dai 50mm ɗin iri-iri ne, kuma mai tsadar ya ninka mai arahar sau da yawa. Kayan nan da dala ake shigo da su, kuskure ɗaya zai iya cinye ribar watanni.

Ka fara da duba kyamarar da ke hannunka. Idan mai babbar sensa ce (sensa ita ce farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara), irin Canon 6D ko Nikon D750 ko Sony A7 III, to 50mm zai ba ka faɗin hoto na tsaka-tsaki, ba kusa ba, ba nesa ba. Idan kuwa mai ƙaramar sensa ce, irin Canon 700D ko Nikon D5600, lissafin ya canza. A Canon ana ninka lambar sau 1.6, a Nikon da Sony sau 1.5, don haka 50mm ɗinka zai yi aiki kamar 80mm ko 75mm. Wanda ya san ɗakunan haya na Legas ya san abin da hakan ke nufi: za ka ja da baya har bayanka ya manne da bango, amma rabin dangin mai jego ba su shiga hoton ba. Mai irin wannan kyamarar 30mm ko 35mm ya kamata ya nema, kamar Nikon 35mm f/1.8G DX ko Sigma 30mm f/1.4.

Na biyu, ka tabbatar bakin gilashin ya dace da kyamarar. Gilashin Canon mai bakin EF yana hawa sababbin kyamarorinsu masu bakin RF, amma sai da adafta, wato zoben da ke haɗa su, kuma ita ma kuɗi ce. Masu Nikon D3500 da D5600 su yi hattara da tsohon 50mm f/1.8D. Yana da araha, yana hawa, amma ba shi da mota a ciki, su ma kyamarorin ba su da wadda za ta juya shi, saboda haka da hannu za ka riƙa saita fokas, wato daidaita gilashin har abin da kake ɗauka ya fito tangaram. Mai harafin G za ka nema.

Mataki na uku shi ne inda kuɗi ke zurarewa, wato lambar nan mai f. Ita ke nuna girman ƙofar da haske ke shiga, kuma duk lokacin da lambar ta ragu ƙofar ta ƙara faɗi. Hasken da f/1.4 ke sha bai kai ninki biyu na f/1.8 ba. Shi kansa f/1.2 da ake ta kwarzantawa, da kaɗan ya wuce ninki biyu. Sannan idan ka buɗe ƙofar gaba ɗaya, wurin da ke fitowa tangaram a hoton siriri ne ƙwarai: idon amarya ya fito ras, ango da ke tsaye a bayanta kaɗan ya dusashe. Shi ya sa mai aikin biki kan rage zuwa f/2 ko f/2.8, idan hoton jama'a ne ma f/4 ko fiye. Ka ga ke nan za ka iya biyan maƙudan kuɗi don abin da ba kasafai za ka taɓa ba.

Kada kuma ka ɗauka duk mai f/1.8 na masu koyo ne. Sony FE 55mm f/1.8 mai tambarin Zeiss, wanda ya fito a 2013, giram 281 ne kawai, kuma har yau ƙwararru na aiki da shi. Nikon Z 50mm f/1.8 S na 2018 ma haka, yana cikin waɗanda suka fi fitar da hoto tsaf. Ga masu Canon, EF 50mm f/1.8 STM na 2015 shi ne mafi sauƙin kuɗi, nauyinsa wajen giram 160. Na f/1.4 USM ɗinsu tsohon ƙira ne tun 1993, kuma an san shi da lalacewar fokas idan gabansa ya bugu, don haka ban cika son a saye shi na hannu ba. Wanda ke son f/1.4 na gaske, Sigma 50mm Art na 2014 shi ne zaɓina, amma giram 815 ne. Ka rataya shi tun daga ɗaurin aure har a kai amarya, wuyanka zai ba ka labari. Idan za ka samu haya ko aro wurin abokin sana'a, yi aiki ɗaya da shi kafin ka yanke shawara.

Sai batun saye. Ko Computer Village da ke Ikeja ka je, ko Alaba, ko ka ga talla a intanet, kada ka tura kuɗi kafin ka riƙe kayan a hannu. Tafi da kyamararka da batiri a cike. Cire murfin gaba da na baya, ka haska fitilar wayarka ta ɓangare ɗaya kana leƙawa ta ɗayan. 'Yar ƙura ba matsala ba ce. Amma idan ka ga zare-zare fari kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ka ajiye shi ko da an yi maka ragi. Haka ma idan cikin ya yi hazo. Dubi ƙananan kusoshin da ke jikinsa, idan kansu ya goge, an taɓa buɗe shi. Daga nan ka ɗaura shi, ka buɗe ƙofar har ƙarshe, ka ɗauki rubutun da ke jikin wani kwali, ka faɗaɗa hoton ka duba tsakiya da kusurwoyi huɗu. Idan gefe ɗaya ya fi ɗayan dusashewa, mai yiwuwa ya taɓa faɗuwa. Gwada fokas kusa da nesa sau da yawa, kana sauraron ƙararsa. Wannan gwajin ya fi muhimmanci ga Sigma a kan kyamarori masu madubi a ciki (DSLR), irin Canon 6D ko Nikon D750, domin wani lokaci fokas ɗinsa kan sauka gaba ko bayan inda ka nufa. Idan komai ya yi, ka ce: "Oga, rubuta min lambar jikinsa a rasit, da kwanakin da zan iya dawo da shi." Mai kaya na gaskiya ba zai ƙi ba.

Kada ka kashe kuɗin duka a kan gilashin. Ka bar na hular da ake sa masa a gaba, wadda ke tare hasken gefe da bugu, da kuma na wurin ajiya. Laimar Legas, musamman da damina, ita ke haifar da fumfunar da ka guje wa a kasuwa. Idan akwatin busarwa mai aiki da lantarki ya fi ƙarfinka, nemi robar abinci mai murfin da iska ba ta shiga, ka zuba ƙunshin silika masu shan danshi, ka riƙa busar da su ko canza su. Da ka dawo daga aiki ka fitar da gilashin daga jaka, ka goge shi, ka sa a ciki.