Yadda ake gane haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara a tsaunukan Alps

Duk wanda ya bar filayen zamiya a kan dusar ƙanƙara da ake gyarawa ya nausa cikin tsaunukan Alps na Turai, shi ne alƙalin kansa, domin babu ma'aikacin da ya riga shi duba gangaren. Shiri yana farawa tun jajibirin tafiya da karanta sanarwar haɗarin zaftarewa. A Suwizalan, cibiyar binciken dusar ƙanƙara da zaftarewa ta SLF da ke garin Davos tana fitar da ita safe da yamma a lokacin hunturu, bisa ma'aunin Turai mai mataki 1 zuwa 5 (5 ne mafi haɗari) da aka amince da shi a 1993. Mataki na 3 ya fi ruɗar mutane saboda yana tsakiya, alhali kusan rabin mace-macen da ake samu a ƙasar a wannan matakin suke faruwa.

Idan ka isa, fara da auna gangaren. Yawancin zaftarewar da ke kisa tana tasowa ne a gangare mai digiri 30 zuwa 45, kuma ido kaɗai ba ya iya tantance wannan, don haka ka riƙe ma'aunin gangare ko taswirar da ke nuna shi da launi. Ka tuna cewa kana iya tayar da dusar da ke samanka ko da kana tsaye a wuri mai sauƙi.

Dusa tana kwanciya ne hawa-hawa, kuma bala'in yana zuwa idan falle mai tauri ya zauna a kan wani mai laushi kamar sukari. Akwai alamun da ba a musu da su: zaftarewar da ta faru kwanan nan a gangare irin naka, tsaga da ke gudu daga ƙarƙashin ƙafarka, da ƙarar "wuf" da dusa ke yi idan ta lotsa. Sabuwar dusa mai kaurin santimita 30 a yini guda, ruwan sama, ko ɗumi na farat ɗaya, duk suna ƙara haɗari. Iska kuma tana kwashe dusa ta jibge ta a gefen tsaunin da ya juya wa iskar baya, inda take yin santsi har ta ja hankalin mai zamiya.

Haƙa rami yana taimakawa. Ka yanke ginshiƙin dusa mai faɗin santimita 30 kowane gefe, ka ɗora shebur a kai, ka buga sau 10 daga wuyan hannu, 10 daga gwiwar hannu, 10 daga kafaɗa, kana lura da inda ya tsage. A ganina, ramin ya isa hujjar juyawa gida, amma bai isa hujjar ci gaba ba, tunda wuri ɗaya kawai ya gwada.

A tsallaka wuri mai haɗari ɗaya bayan ɗaya, kowa ɗauke da shebur, sandar lalube, da na'urar gano wanda dusa ta binne mai aiki a kan zangon rediyo na kilohaz 457. Fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tono cikin minti 10 suna rayuwa, bayan minti 30 kuwa adadin yana faɗuwa zuwa kusan kashi 30, saboda haka abokan tafiyarka ne za su tono ka tun kafin jirgin saman ceto ya iso.