Ga mai shirin kafa injin niƙa a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda zai girka ƙaramin injin niƙa ko na markaɗe, ya fara da wurin zamansa. A zuba kankare mai kauri, a dasa kusoshi a ciki tun yana ɗanye, a bar shi ya yi mako guda ana yayyafa masa ruwa kafin a ɗaure injin. Injin da ke rawa shi ke cin boris, ya kwance noti, ya tsinka bel.

Bel ɗin kuma ya zauna a miƙe tsakanin fulolin biyu, wato ƙarafan nan masu juyawa da ake ɗora bel a kansu. Ka danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya ɗan lotsa kaɗan kawai. Don Allah a yi masa murfi, domin gefen hijabi ko hannun riga ba ya jimawa bel ya fizge shi, ga yara su ne 'yan kawo niƙa.

Idan an sa sabbin faranti, wato ƙarafan da ke murƙushe hatsi, ko an wasa tsofaffi, a fara niƙa dusa a zubar, ita za ta kwashe garin ƙarfen. Kada a matse farantan injin yana juyawa babu hatsi.

Masu injin fetur irin GX160 na kamfanin Honda, a juye baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Kuma a rumfa mai iska za a kafa shi, hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki.