Kurakuran da aka fi yi wajen kula da sabar Linux ta Webmin da Cockpit

Webmin da Cockpit, manhajoji biyu na sarrafa sabar Linux ta shafin burauza, sun rage wa masu kula da saba wahala. Ka buɗe burauza, ka duba ko faifai ya cika, ka tayar da manhajar da ta tsaya, ba sai ka rubuta umarni ba. Sai dai duk wanda ya shiga shafin nan da asusun shugaba, ikon root, wato cikakken iko a kan sabar, yana hannunsa, kuma a nan ake yawan sakaci.

Mafi muni shi ne barin shafin a buɗe ga kowa. Webmin yana amfani da tasha 10000, Cockpit kuma 9090. Masu kutse sun haddace lambobin nan, manhajojinsu na yawo a intanet dare da rana suna gwada kalmomin sirri. Kalma mai ƙarfi ma ba kullum take ceto ba. A 2019 aka gano an cusa ɓoyayyar ƙofa a Webmin, daga siga 1.890 zuwa 1.920, wadda a wasu saituna take bai wa baƙo damar aika umarni a matsayin root ba tare da ya shiga ba. Siga 1.930 ce ta toshe ta. Maganin shi ne ka rufe tashar da katangar tsaro irin ufw ko firewalld, ka bi ta SSH, wato amintacciyar hanyar shiga saba daga nesa. Ga misali da tashar Cockpit:

ssh -L 9090:localhost:9090 sunanka@sabarka

Sannan ka buɗe https://localhost:9090 a kwamfutarka.

Wasu kuma garin neman tsaro suke kulle kansu a waje. Mutum ya saita Webmin kada ya karɓi kowa sai adireshin IP ɗinsa, alhali da datar waya yake hawa intanet. Gobe kamfanin layi ya sauya masa adireshi, shi ke nan. Idan hakan ta faru, shiga ta SSH, buɗe /etc/webmin/miniserv.conf, goge layin da ya fara da allow=, ka sake tayar da Webmin da systemctl restart webmin. Duk sanda za ka taɓa katangar tsaro ko saitin sadarwa, ka bar tagar SSH guda a buɗe. Cockpit dai yakan mayar da sauyin sadarwa idan ya ga haɗin ya yanke, amma ni ba zan jingina da wannan kaɗai ba.

Gargaɗin takardar shaida da burauza ke nunawa, kada ya zama abin dannawa a wuce kullum. Samo takardar shaidar daga hukumar Let's Encrypt kyauta. A Cockpit ana ajiye ta cikin /etc/cockpit/ws-certs.d.

Akwai wata matsala da ke rikita masu Ubuntu Server. Shafin sabunta manhajoji na Cockpit sai ya ce saba ba ta kan intanet, alhali ga ta tana aiki lafiya. Dalili shi ne PackageKit, wanda Cockpit ke sabuntawa da shi, yana tambayar manhajar sadarwa ta NetworkManager ko akwai intanet, ita kuwa Ubuntu Server wata manhajar sadarwar, systemd-networkd, take amfani da ita ta hanyar netplan, mai riƙe da saitin sadarwa. Ko ka mayar da layin renderer, mai zaɓar manhajar sadarwa, zuwa NetworkManager a fayil ɗin netplan, ko ka yi sabuntawar da apt kai tsaye. A sabar da ke nesa na fi son na biyun, domin kuskure ɗaya a netplan ya isa ya raba ka da ita.