Yadda malamin kimiyya zai nuna wa ɗalibai awon nisan wata da hasken leza

Da asubahin ranar 21 ga Yuli 1969 agogon Najeriya, 'yan sama jannatin Apollo 11, Neil Armstrong da Buzz Aldrin, suka ajiye wani ɗan faranti a kan wata wanda faɗinsa bai kai rabin mita ba. An jera ƙananan gilasai 100 a jikinsa, ba shi da batir kuma ba shi da waya, amma har yau masana suna harba masa hasken leza, wato siririn haske mai ƙarfi da ke tafiya a miƙe, daga duniya yana dawo musu da shi. Malamin kimiyya a makarantar sakandare a Gombe zai iya nuna wa ɗalibansa ainihin dabarar wannan aiki da kayan da zai samu a kasuwa, idan ya raba darasin gida biyu, wato yadda ake dawo da haske inda ya fito, da kuma yadda ake mai da lokaci ya zama nisa.

A fara da madubin. A je wurin mai yankan gilashi a sa ya yanka madubai uku masu kusurwa huɗu, girmansu ɗaya, kamar santimita 15 kowane gefe. A haɗa su da gam ko salatif mai ƙarfi ta bayansu, fuskokinsu suna kallon ciki, su yi kamar lungun ɗaki inda bango biyu suka haɗu da daɓe. Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, domin dole kowace kusurwa ta zama digiri 90 cif. A ari ma'aunin kusurwa na kafinta a gwada kafin gam ya bushe, kada a dogara da ido.

Idan an gama, sai a sa ɗalibi ya rufe ido ɗaya ya leƙa cikin lungun yana matsawa dama da hagu. Zai ga idonsa ya maƙale a tsakiyar lungun duk inda ya koma. Dalili shi ne hasken da ya shiga yana bugun madubai ukun ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana juya shi ta fuska guda, har ya fito ya kama hanyar da ya biyo. A gwada wannan da madubi guda ɗaya domin a ga bambanci: da zarar an karkata shi kaɗan, hasken ya tafi wani wuri dabam. Da irin wannan madubi aka kai wata, da babu wanda zai iya saita shi, tun da duniya tana juyawa, watan kuma yana ɗan rangaji a kan hanyarsa. Gilasan Apollo 11, kowanne mai faɗin santimita 3.8, an sassaƙa bayansu ne da siffar wannan lungu. Jan abin da ke ƙyalli a bayan keke ma haka yake, kuma ya kamata a kawo shi aji a duba ƙananan lungunan da ke cikinsa.

Daga nan sai a fita fili bayan magariba, ko a rufe tagogin babban ɗakin taro. A ajiye lungun a nesa, ɗalibi ya riƙe tocila kusa da kuncinsa ya haska, zai ga lungun ya yi wal, alhali na gefensa da ke da tazarar taku biyar ba ya ganin komai. Ni na fi son tocila a wannan mataki, saboda ƙaramar leza ta aljihu tana da haɗari a nan fiye da ko'ina, tun da lungun yana dawo da hasken ne kai tsaye wajen mai riƙe da ita. In har za a yi amfani da ita, malami kaɗai zai riƙe, a daidai ƙugunsa, da farar takarda kusa da bakinta wadda za ta tare ɗigon da ya dawo. A kaɗa ƙurar alli a hanyar domin a ga zaren hasken. Kada a haska idon kowa, kada kuma a ɗaga ta sama, musamman a makarantun da ke wajen filin jirgin sama na Lawanti.

Kashi na biyu shi ne lokaci, kuma haske ya fi ƙarfin agogon waya, don haka sai a ari sauti. A sami dogon bango, a auna mita 85 daga gare shi, a sa ɗalibi ya tafa allo biyu, ya daidaita bugunsa ta yadda kowane bugu zai faɗa daidai da amsa-kuwwar wanda ya gabata. Wani ya ƙirga tazara 20 da agogo, a raba jimillar da 20. Za a sami kusan rabin daƙiƙa. Sauti yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa, ke nan ya yi tafiyar mita 170, zuwa da dawowa, rabinta kuwa shi ne nisan bangon. Ɗalibai da yawa a rabawar nan da biyu suke tuntuɓe, don haka a tsaya a kanta.

Yanzu sai a koma kan allo da lissafin wata. Haske yana cin kilomita 299,792 a daƙiƙa, kuma yakan ɗauki wajen daƙiƙa 2.5 ya je ya dawo. A ninka, a raba biyu, za a sami kilomita 374,740. Ɗalibi mai lura zai ce littafi ya rubuta 384,400. A yaba masa, sannan a bayyana cewa lissafin littafi matsakaicin nisa ne daga tsakiyar duniya zuwa tsakiyar wata, leza kuwa daga doron wannan take tashi ta tsaya a doron wancan, kuma wannan kaɗai ya kai kusan kilomita 8,000, ragowar bambancin kuwa saboda daƙiƙa 2.5 ɗin ƙiyasi ne. Domin su ji girman abin a jikinsu, a ce musu kamar mutum ya yi tafiyar Gombe zuwa Bauchi ne sau kusan 2,500.

Kada a bar su da zaton cewa abin ya zo wa masanan farko da sauƙi. Tun 1962 masu bincike a Amurka suka harba leza kan wata suka ga burbushin dawowarta, amma duwatsu da ramukan wurin suna dagula lokacin, ba a san daga ina takamaimai hasken ya juyo ba. Bayan an ajiye farantin ma, sai da aka yi kwanaki ana lalube, har ranar 1 ga Agusta 1969 cibiyar nazarin taurari ta Lick da ke Kalifoniya ta kama shi, da na'urar hangen nesa mai faɗin kusan mita 3 da lezar jan yakutu. Lokutan da suka auna sun riƙa saɓa wa lissafi, daga baya aka gano cewa wurin da aka rubuta wa cibiyar a kundin taurari ya kauce wa inda na'urar take da ɗaruruwan mitoci. Cibiyar McDonald da ke Tekzas ce ta ɗauki nauyin aikin shekaru masu yawa bayan haka. Wahalar kuwa daga bazuwar haske take: kafin ya isa wata ya buɗe ya rufe kilomitoci, farantin ya tsinci ɗan abin da ya faɗo masa, wannan ɗin ma ya sake bazuwa a hanyar dawowa, har ya zama ƙwayar haske ɗaya ake fata, sau da yawa ma ba a samu ko ɗaya ba. Shi ya sa ake harbawa sau da dama a tara sakamako, kamar dai tafin nan guda 20. Kuskuren kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren santimita 15 a nisa.

Apollo 14 ya ƙara faranti a 1971, Apollo 15 ya kai mafi girma mai gilasai 300 a wannan shekarar, Tarayyar Sobiyet kuma ta aika biyu ƙirar Faransa a jikin motocinta marasa matuƙi, Lunokhod 1 a 1970 da Lunokhod 2 a 1973. Wannan ya sa ba na ba malami shawarar ya riƙe farantin kaɗai a matsayin hujja idan ɗalibi ya tayar da gardamar ko an je wata da gaske, domin mai kaifin basira zai tuna masa cewa na'ura ma ta kai irinsa.

Aikin gida kuwa ya fito daga abin da awon ya gano, cewa wata yana ƙara nisa da duniya da kimanin santimita 3.8 kowace shekara. A ce su lissafa na shekara 50, za su sami mita 1.9, sannan kowa ya auna wannan tsawo a jikin bangon ɗakinsa ya yi alama da alli.