Yadda Ake Zaɓen Bodin Motar Rimot ta Tseren Ƙasa da Yi Masa Fenti

Za ka ga motocin rimot biyu masu firam iri ɗaya da inji iri ɗaya, ɗaya ta ɗauki ido, ɗaya kuwa kamar an kife kwano a kan tayoyi. Bambancin daga bodi yake. A motar bugi, wato mai tayoyi a waje da fiffike a baya wadda ake tsere da ita a kan ƙasa, fasalin bodi kusan iri uku ne, kuma kowanne da masoyansa.

Na farko shi ne fasalin da, wanda ya kwaikwayi manyan motocin tseren rairayi na Amurka. Nan ne ake samun Sand Scorcher da Tamiya ta fitar a 1979 da siffar Volkswagen mai ƙusumbi, da Scorpion ta Kyosho a 1982, da Grasshopper da Hornet na 1984, da RC10 ta Team Associated a wannan shekarar. Suna da kejin ƙarfe na kwaikwayo, da ɗan direba da hular kwano a zaune, wasu har da fitilu. Idan kyau tsagwaronsa ake nema, na ajiyewa a kanta ko ɗaukar hoto, har yau ba a kamo su ba. Sai dai wasunsu, kamar Sand Scorcher da Grasshopper, da roba mai tauri aka yi su. Tana da nauyi a sama, tana sa mota saurin kifewa a kwana, in kuma ta daki dutse fashewa take yi maimakon ta lanƙwashe.

Na biyu shi ne mai ɗakin direba a tsakiya ko a baya, da dogon hanci siriri mai gangarowa. Shi ya yi tashe daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 2000. Wasu masu harkar suna ganin ya fi kowanne daidaito a ido, don layinsa yana tafiya sumul daga hanci har fiffike.

Na uku, mai ɗakin direba a gaba, ya mamaye filayen tsere daga wajajen 2010, da irin su Bulldog na Pro-Line da Finnisher na JConcepts. Gilashin gabansa a tsaye yake kusa da shokozoban gaba, iska na dukansa tana danne tayoyin gaba, sai mota ta ƙara jin sitiyari. Da ya fito an sha kushe shi, ana cewa goshi ya yi masa yawa. Ido ya saba yanzu, kuma sababbin irinsa sun fi na farko laushin layi. Wanda zai yi tsere da gaske, wannan ne nasa. A ƙasa mai santsi ko rairayi kuwa, inda bayan mota ke yawan zamewa, mai ɗaki a tsakiya ya fi sauƙin riƙewa.

Kafin ka biya kuɗi, duba abu biyu. Bodin bugi ba kamar na wasu motocin rimot ba ne da ake daidaitawa da tsawo kawai. Kowanne an zuba shi ne don wani firam takamaimai, saboda haka nemi sunan motarka a jikin leda. Na 1/10, wato motar da girmanta ɗaya bisa goma ne na motar gaske, ba ya hawa 1/8, na mai jan ƙafa biyu kuma sau da yawa ba ya zama a kan mai ƙafa huɗu. Sai kauri: na 1/10 na yau da kullum yana kusan milimita 0.75, marar nauyi na 'yan tsere kusan 0.5, na 1/8 kuwa wajen milimita 1. Sabon shiga ya bar marar nauyin, faɗuwa kaɗan zai yage daga ramin maƙali.

Bodin zamani da robar polikabonet ake yin sa, wadda aka fi sani da Lexan. Yana zuwa garau kamar gilashi, kuma daga ciki ake yi masa fenti, robar da kanta ce ke ba shi sheƙi. Yanka da huda suna zuwa kafin fenti, tun kana iya hango firam ta ciki. Ɗora shi a kan mota, sa alamar ramuka da maka, ka huda da abin huda mai tsini kamar mazurari kana juyawa a hankali. Wuƙa ko ƙusa kan bar 'yar tsaga a bakin rami, daga nan yagewa ke farawa. Gefuna kuma a bi layi da almakashi mai lanƙwasa, ko a ja reza sau ɗaya a kan layin a lanƙwasa robar ta ɓalle da kanta. A goge bakin da sanfefa mai laushi, kada a bar kusurwa mai kaifi. Mai injin nitro, wato mai shan mai maimakon batir, zai ƙara ramin kan inji da na bakin tanki da wurin salansa, ya bar tazarar milimita 3 zuwa 5, don salansa mai zafi tana narka roba.

Daga nan a wanke cikin da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a bar shi ya bushe sarai. Maiƙon da ya rage daga masana'anta, ko na yatsa, shi ke sa fenti ya yi ƙananan ramuka ko ya ɓare daga baya. Manna takardun rufe gilashi da suka zo da shi, ka danne bakinsu da farce. Zanen da kake so, zana shi a waje a kan siririyar ledar kariya da bodin ke zuwa da ita, sa'annan ka bi shi da tef daga ciki.

Fentin ma ba kowanne ba. A gwangwanayen Tamiya, masu alamar PS su ne na polikabonet, masu TS na roba mai tauri ne irin ta Grasshopper, wadda ake fesawa daga waje. Ka fesa TS a cikin Lexan, ranar farko zai yi kyau, motar na yin karo kuma ya zube kamar ɓawon gyaɗa, don ba ya lanƙwashewa tare da robar. Gwangwani ɗaya mai mililita 100 ya ishi launi ɗaya a bodin 1/10.

Tun da daga ciki ake yi, tsarin a juye yake: launi mai duhu da farko, mai haske daga baya. In ka fara da fari ka bi da baƙi, baƙin zai huda ya dusashe farin. Girgiza gwangwani minti biyu, tsaya da tazarar santimita 25 zuwa 30, ka yi fesawar farko sama-sama kamar raɓa. Ita ce ke toshe bakin tef, ta hana fenti kutsawa ƙarƙashi. Jira minti 10 zuwa 15, ka ƙara shafi biyu ko uku marasa kauri, kana ɗaga bodin ga haske don ganin inda bai kama ba. Launuka masu ƙyalli irin ruwan lemo da ɗanyen kore dole a rufe bayansu da fari, in ba haka ba za su fito a mace. Masu sheƙin ƙarfe a bi su da ruwan azurfa. A yi aikin a waje cikin inuwa da takunkumi a hanci, ba ranar da hunturu ke tashin ƙura ba, kuma ba a tsakar rana ba, don zafi na busar da fenti tun yana iska, ya sauka kamar gari.

Wajen launi, ka tuna daga nesa za ka riƙa kallon motar, mita ashirin ko fiye, tana gudu cikin ƙura. Zane mai layuka bakwai kyansa a hannu yake ƙarewa. Launi biyu ko uku masu saɓani sun wadatar, hanci da haske, baya da duhu, don ka gane inda ta fuskanta da kallo ɗaya. A jar ƙasa, ja da ruwan ƙasa ɓacewa suke yi. Fari da shuɗi da rawaya mai ƙyalli sun fi fitowa. Gilashi a bar shi garau, ko a yi masa fesawa biyu na PS-31 mai launin hayaƙi bayan an cire takardun.

Sai ya kwana ya bushe za a ɓare ledar waje a manna sitika. Mutane da yawa kan manta, su manna a kan ledar. Cikin hanci da kewayen ramuka a ƙarfafa su da tef mai raga da gam mai laushi irin Shoe Goo. Gam mai saurin kamawa kuwa a nisanta shi da bodi, yana sa robar ta yi fari ta tsage, haka ma fetur da tina. Ƙura da laka, ruwa da sabulu da tsumma mai laushi sun isa.