Fara da Damagaram: yadda za ka tsara karatun tarihi, siyasa, halin jama'a da kasuwanci

Samarin da na koyar a lise sukan nuna mini jerin littattafan da suka tara a waya, kuma kusan kullum iri ɗaya ne: yadda ake zama attajiri, yadda ake mallakar zukatan mutane, dokoki kaza na mulki. Akasarinsu an rubuta su ne don ɗan Amurka mai albashi da katin banki. Ban hana kowa karanta su ba, amma ba da su ake farawa ba. Tsarin da nake ba su shi ne a fara da garin da ake zaune, a fita waje a hankali, kuma duk littafin waje da za a ɗauka a riga an sami na gida da za a auna shi da shi.

Fara da tarihi, domin sauran ukun a kansa suke zaune. Nemi littafin André Salifou, ɗan garin nan wanda jami'armu take ɗauke da sunansa, "Le Damagaram ou Sultanat de Zinder au XIXe siècle", na 1971. A ciki za ka haɗu da Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a nan gida, ya riƙe sarauta har 1884. Daga nan ka bi labarin Sarki Amadu Kuran Daga, kashe Kyaftin Cazemajou na sojan Faransa a 1898 da karon Tirmini da Faransawa a 1899. Kada ka karanta shi a ɗaki kawai. In ka gama babi, ɗauki kabu-kabu ka shiga Birni, ka tsaya ƙofar fada, ka tako da ƙafa zuwa Zango, ka tambayi kanka me ya sa fatake da Buzaye suka sauka a wajen ganuwa. Wanda ya yi wannan tafiyar ba ya manta abin da ya karanta.

Na biyu shi ne wanda na fi so a dukan jerin, ko da yake da Turancin Ingilishi yake: "An Economic History of Central Niger" na Stephen Baier, 1980. Sunan ba ya jan hankali, amma labarin kasuwar garinmu ne. Yana nuna yadda ayari ke tasowa daga Tarabulus, ya bi Gat da Abzin ya sauka Damagaram kafin ya wuce Kano, ya koma arewa da gashin jimina da fatu. Yadda attajirai irin su Malam Yaro suka yi ƙarfi. Da yadda duk wannan ya dusashe bayan dogo ya iso Kano a 1911, aka koma jigilar kaya ta teku da jirgin ƙasa, kudu ta zama alƙiblar ciniki, daga baya gyaɗa ta karɓe fage. Ƙara da cewa a 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin daga nan suka kai Yamai, sai ka ga rabin ƙorafin da ake yi a majalisun shayi yau yana da asali tun zamanin kakanni. In Ingilishinka bai kai ba, nemi abokin da ya yi karatu a Najeriya, ku raba babi-babi, shi ya karanta ya ba ku labari da Hausa. Ya cancanci wahalar.

Sai ka ɗan faɗaɗa da "Hausaland Divided" na William Miles, 1994. Ƙauyuka biyu ya zauna a ciki, Yekuwa ta wajen Magarya da 'Yardaji ta wajen Daura, dangi ɗaya harshe ɗaya, iyaka ta raba su, ɗaya ta tashi a hannun Faransa ɗaya a hannun Ingila. Duk mai ƙetara iyaka da kaya zai ga kansa a ciki.

A siyasa, shawarata ka fara da malaman da suka rubuta wa sarakuna, domin tambayoyinsu ba su tsufa ba. "Tajuddini" na Magili, wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, 'yan shafuka ne, ka gama shi a zama ɗaya. "Kitabul Farƙi" na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana lissafa abubuwan da ya ga zalunci ne a mulkin sarakunan Haɓe, har da jangali, kuɗin gari da gaisuwa. Karanta shi da sanin cewa mai da'awa ne yake magana, kuma Damagaram ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, da Barno take da alaƙa. Sannan "Muƙaddima" ta Ibn Haldun, ta 1377. Kada ka ce sai ka cinye ta daga bango zuwa bango. Nemi babin da yake bayanin yadda daula ke tsufa cikin zuriya uku, da wurin da ya ce a farkon daula haraji kaɗan ne amma baitulmali cike, a ƙarshenta haraji ya yi yawa amma abin da ke shiga kaɗan ne. Malaman zaure da yawa suna da waɗannan da Larabci. Kai gaisuwa, ka roƙi a karanta maka.

Na zamani kuwa, littafin Klaas van Walraven a kan jam'iyyar Sawaba ba shi da na biyu. Ya fito da Ingilishi a 2013, kuma akwai shi da Faransanci da sunan "Le désir de calme". Ƙato ne, kada girmansa ya tsorata ka. Shekaru marubucin ya yi yana hira da tsofaffin 'yan Sawaba, direbobi, teloli, leburori, mutanen da littafin lakkwal bai ambata ba. Za ka ga yadda jagoranta Djibo Bakary ya nemi a ce "a'a" ga zama tare da Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, yadda aka haramta jam'iyyar a 1959, da yunƙurin makamai na 1964 da ya ƙare da jini. Damagaram na cikin garuruwan da Sawaba ta fi ƙarfi, don haka kafin ka buɗe shi ka tambayi dattijon gidanku abin da ya ji, ka rubuta, sannan ka gwada da abin da ke shafi. Inda suka saɓa, nan karatun yake. Bayan wannan ne "Why Nations Fail" na Acemoglu da Robinson zai yi maka amfani. Littafi ne mai daɗi, amma maganarsa guda ce, wato hukumomin da ke tatsar jama'a su ke talauta ƙasa, kuma ya maimaita ta har ka gaji. Babi huɗu ko biyar sun isa.

Ilimin halin jama'a shi ne inda aka fi sayar wa matasa shara. Biyu nake ba da shawara. Na Robert Cialdini, 1984, wanda da Faransanci ake kira "Influence et manipulation", da "Petit traité de manipulation à l'usage des honnêtes gens" na Joule da Beauvois, 1987. Cialdini ya kawo hanyoyi shida da ake bi a sa mutum ya ce "to": a yi maka alheri ka ji nauyi, ka faɗi magana ka ji kunyar janye ta, ka ga kowa na yi, mai muƙami ya faɗa, kana son mai maganar, ko a ce abin ya kusa ƙarewa. Ga aikin gida: ɗauki kaye da bik ka shiga kasuwar Dole, ka zauna kusa da mai atamfa rabin sa'a. Zai sa a kawo wa baƙuwa ruwa mai sanyi kafin a taɓa zancen kuɗi. Zai ce "Hajiya, turmi biyu suka rage, kuma matan bikin jiya duk shi suka ɗauka." Zai warware turmin ya yafa mata a kafaɗa, ta duba madubi ta ce ya yi kyau, kuma daga nan ajiye shi ya yi wuya. Huɗu daga cikin shidan ke nan a ciniki ɗaya, daga mutumin da bai taɓa jin sunan Cialdini ba. Lokacin zaɓe ka sake duba kayen, ka ga sukari da turamen da ake rabawa a wane layi suka faɗa.

Amma ka riƙe littattafan nan da taka-tsantsan. Gwajin Milgram na jami'ar Yale, inda mutum 26 cikin 40 suka bi umarnin jona wa wani mutum lantarki, a zatonsu, har zuwa maɓalli na ƙarshe, a kan maza Amurkawa aka yi shi a farkon shekarun 1960. A "Système 1, Système 2" na Daniel Kahneman akwai babin da wasu gwaje-gwajensa suka ƙi maimaituwa da aka sake su, shi da kansa ya yarda da haka. Kunya, nauyin suruki da maganar malami suna aiki a nan ta hanyar da babu ɗakin gwajin Amurka da ya auna.

A kasuwanci kuwa, ajiye "Père riche, père pauvre" tukuna. Ɗauki "Les Alhazai de Maradi" na Emmanuel Grégoire, 1986: yadda yaro ke fara aiki a ƙarƙashin ubangida, ya riƙe amana, a ba shi kaya bashi, har ya tsaya da ƙafarsa ya tara nasa yaran; da yadda gyaɗa, daga baya kuma fiton kaya zuwa Najeriya, suka gina manyan gidajen Maraɗi. Mu Damagarawa muna son tsokanar Maraɗawa, amma a wannan fage sai mu zauna mu koya. Haɗa shi da "Portfolios of the Poor" na 2009, inda masu bincike suka bi gidaje wajen 250 a Bangaladash, Indiya da Afirka ta Kudu, duk mako biyu suna rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita har shekara guda. Sun gano talaka ba ƙarancin kuɗi kaɗai ke damunsa ba, har da rashin tabbas ɗin ranar shigowarsu, shi ya sa adashi da ajiya wurin amintacce suke da muhimmanci. Kai ma yi wa shagonka ko aljihunka irin wannan rubutu na wata uku. Ƙaramin littafin lissafin kanti na tsarin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da Nijar ke bi, irin na 'yan makarantar koyon sana'a, zai koya maka raba uwar kuɗi da riba, abin da littattafan zaburarwa ba sa tsayawa su yi.

Samun littattafan shi ne rabin aikin. Na Grégoire yana nan kyauta a rumbun intanet na cibiyar bincike ta Faransa, IRD, rahotannin LASDEL, cibiyar binciken zaman jama'a ta Yamai ta su Olivier de Sardan, a kan asibitoci, ƙananan hukumomi da cin hanci su ma kyauta ne a shafinsu. Kada ka karanta dogon littafi a waya, saƙonni ba za su bar ka ba. Kai shi shagon fotokofi kusa da jami'a, a buga shafi biyu a fuska ɗaya, gaba da baya, a ɗinke. Na Larabci da na Hausa, ba direban Kano saƙo ya duba maka a kasuwar Kurmi, ka rubuta masa sunan a takarda. Ku haɗu ku biyar a fadarku, kowa ya ajiye jika ɗaya a wata, a buga littafi guda ya zagaya. Ranar Juma'a da la'asar, wanda ya karanta babin ya ba da labarinsa da Hausa kafin shayi na farko ya nuna, a bar gardama sai na biyu. Wanda ya riƙe littafi ya wuce mako biyu, shi ke sayen gawayi da sukari.