Yadda Mai Zane Zai Zauna a Cikin Makiyayan Sami

Mai zanen da ke son ya yi 'yan makonni a ƙauyen kan iyaka irin Karesuwando, inda kogin Muwoniyo ya raba Suwidin da Finlan, ya fara da zaɓen lokaci, domin a can, a wurin makiyayan Sami, 'yan asalin can ƙuryar arewacin Turai, garken barewar ƙasar ƙanƙara ne ke tsara shekara. A watan Mayu ake haihuwar 'ya'yan barewa, kuma lokaci ne da bai kamata baƙo ya kusanci garke ba, don uwar da ta firgita tana iya barin ɗanta. Daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli ake yi wa ƙananan shaida a kunne, sau da yawa da dare saboda sanyi, alhali rana ba ta faɗuwa. A ganina wannan ne lokacin da ya fi dacewa da mai zane, idan iyalin makiyayan sun gayyace shi.

Gayyatar ita ce ginshiƙi. Kada ya shiga shingen tara dabbobi sai da izini, kuma idan ya shiga ya tsaya inda aka nuna masa, ya yi shiru, ya taimaka da abin da aka sa shi. Kada kuma ya tambayi makiyayi yawan barewarsa, domin daidai yake da tambayar mutum nawa ke cikin asusunsa. Ya koyi gaisuwar "bures" da godiyar "giitu", ya kuma guji tsohon sunan "Lapp", wanda mutanen ke ɗauka cin fuska.

Abin da ya fi wuya shi ne sanin abin da ya halatta a zana. Tufafin gargajiya, gakti, suna bayyana yankin da mutum ya fito, shaidar kunne kuwa mallakar mutum ce da danginsa, don haka ba kayan ado ba ne da za a kwafa yadda aka ga dama. Haka waƙar joik, wadda ake rerawa don wani mutum ko wuri ko dabba, kada a naɗe ta sai mai ita ya yarda. Mutanen da aka daɗe ana hana 'ya'yansu magana da harshensu a makarantu suna da hujjar yin taka-tsantsan da baƙo mai littafin zane.

Wanda ya zaɓi hunturu ya tanadi fensir da gawayi, domin fentin ruwa daskarewa yake yi a waje. Kafin ya tafi, ya nuna wa masu masaukinsa duk abin da ya zana, ya cire wanda ba su amince a baje kolinsa ba.